"Turo Mini Waƙar Nan": Kyauta Ce Ko Haƙƙin Wani?

Ƴan uwana ɗalibai, abin da na kawo muku a wannan fitowa ta ɗan littafinmu ya samo asali ne daga wani abin kunya da na aikata da hannuna a hutun bara, a garinmu Arlit. Na daɗe ina juya shi a raina, sai na ga gara in rubuta, ko wani ya taya ni tunani.

Ina da wani aboki tun muna firamare, unguwa ɗaya muka tashi. Ni na wuce jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ina karatun kimiyyar harshe, shi kuwa ya tsaya gida, da rana kabu-kabu, da dare gita. Shekara biyu yana tara kuɗi, innarsa ta ƙara masa da kwasar adashenta, ya shiga mota ya ci kilomita wajen 240 zuwa Agadas, ya shiga studiyo ya ɗauki waƙa shida, huɗu da Tamajak, biyu da Hausa. Da na zo hutu sai ya sa mini su a waya, ya ce: "Aboki, ka saurara ka gaya mini inda Hausata ta karkace, tunda kai ne malamin harshe. Amma don Allah kada su fita tukuna." Na rantse masa cewa ba za su fita ba.

Kwana uku bayan haka muna zaune a fadarmu, ana jiran shayi na biyu, sai na kunna ɗaya daga cikin waƙoƙin. Wani cikinmu ya ɗago kai ya ce: "Kai, wane ne wannan? Turo mini." Na ce ba a ba ni izini ba. Ya ce: "Haba dai, ni kaɗai ne fa, ba ta wuce wayata." Na buɗe Xender. Ko minti ɗaya ba a yi ba an gama.

Kafin hutu ya ƙare na ji waƙar tana tashi daga rumfar wani mai tura waƙoƙi kusa da tasha. Na matsa na leƙa kwamfutarsa. Waƙoƙin shida duka suna nan, yana zuba su a katin memwar tare da wasu a kan dala ashirin, kuma an canza musu suna, an liƙa sunan wani shahararren magaɗin gita wanda bai ma san da su ba. Da abokina ya zo gidanmu bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna ya ce: "Jiya na ɗauki wani fasinja, wayarsa tana kiɗa waƙata. Na ce masa ni na yi ta. Ya yi dariya har ya kusa faɗowa daga babur."

Tun ranar nake tambayar kaina: mene ne ainihin laifina? Tura waƙa ne, abin da kowa ke yi kullum, har da shi abokin nawa, wanda wayarsa cike take da Tinariwen da Bombino da Hamisu Breaker da bai taɓa biyan ko dala a kansu ba? Ko wani abu ne daban? Kuma me ya sa dukanmu muke yin haka ba tare da zuciya ta ɗarsa ba?

Kalmomin da muke faɗa

Tunda harshe nake karanta, da harshe zan fara. Ku saurari yadda muke magana a kan wannan abu. Muna cewa "turo mini", "sa mini", "zuba mini", "ba ni waƙar nan", "a wajen wa ka samo?" Ban taɓa jin wanda ya ce "sato mini waƙar nan" ba. Ko "ara mini" ba ma cewa, domin aro ana mayar da shi. Kalmomin nan duka na kyauta ne da zumunci, irin waɗanda muke faɗa in muna son a miƙo mana goro ko a zuba mana ruwa.

A aji an koya mana yadda F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai. "Tura" da "turo" saiwarsu ɗaya, amma wannan -o ta ƙarshe tana nuna abu ya taho wajen mai magana. In na ce "turo", mutum biyu kaɗai ke cikin jimlar, ni da kai. Babu gurbin mutum na uku, wato wanda ya kwana bai yi barci ba yana gyara amshi. Nahawun ya riga ya fitar da shi tun kafin mu kai ga tunanin haƙƙi.

Sai kuma "raba". Wanda ya raba goro, goronsa ya ragu. Wanda ya raba gado, kowa ya ɗauki nasa, babu mai samun duka. Amma wanda ya raba waƙa ta Bluetooth, tasa tana nan daram, na biyu ya samu cikakkiya, na ɗari ma ya samu cikakkiya. Duk abin da iyayenmu suka koya mana game da sata an gina shi ne a kan abin da ke raguwa: akuya ta ɓace daga turke, buhu ya ɓace daga rumbu. In babu turken da ya zama wayam, zuciya ba ta jin an yi sata.

Abu na uku shi ya fi ba ni mamaki. Ku duba ƴar -r ɗin nan ta "waƙar wane". In aka ce waƙar Shata, ana nufin wanda ya rera. In aka ce waƙar Hassan Sarkin Dogarai, ana nufin wanda Shata ya yi wa. In kuma ana biki aka sako wani kiɗa, yarinya ta zabura ta ce "wayyo, waƙata!", tana nufin wadda take so. Harafi ɗaya, masu waƙa uku, kuma babu maƙaryaci cikinsu. Hausa ba ta tilasta mana mu zaɓi mai waƙa guda ɗaya ba. Dokar da aka rubuta da Faransanci ita ce ta zo ta ce lalle a zaɓa.

Me ya sa muke turawa

Dalili na farko kowa ya san shi: ko kana son saye, ina kantin? Ni ban san wuri ɗaya a Arlit ko Akokan da mutum zai shiga ya ajiye jika guda a ba shi faifan Bombino na gaskiya, kuɗin kuma su isa hannun Bombino ba. Masu sauraron kiɗa ta intanet a Turai da Amurka suna biya duk wata da katin banki. Cikin ƴan fadarmu mutum nawa ke da katin banki? Wanda ma ya ce zai kalla a YouTube, forfe ɗinsa zai ƙare kafin ya ji waƙa goma, in rezo ya yarda ke nan. Bluetooth da Xender kuwa ba su cin mega, ba su neman rezo. A Bukoki suna aiki, a kan hanyar Assamaka suna aiki, a wuraren haƙar zinariya cikin daji suna aiki. Direban da zai yi kwana da kwanaki cikin sahara ba zai dogara da intanet ba, katin memwar zai cika.

Dalili na biyu shi ne zumunci. Matashin da ba shi da aiki ba shi da abin kyauta da yawa. Ba zai iya saya wa abokinsa riga ba, ba zai iya kai wa budurwarsa turare kullum ba, amma zai iya tura waƙa. Sau da yawa waƙar da aka turo saƙo ce: abin da baki ya kasa faɗa sai a bar Umar M. Shareef ko Nura M. Inuwa ya faɗa. Ɗan Arlit da ke aikin gini a Tamanrasat ko Sabha, in ƙanensa ya tura masa kiɗan bikin da aka yi a unguwa ta WhatsApp, ai gida aka tura masa. Wanda ya kira wannan sata bai fahimci abin da ke faruwa ba.

Dalili na uku ba shi da kyan ji, amma nawa ne, dole in faɗa. Burga. A fada akwai daraja ga wanda ya fara kawo sabon abu. Ranar da na kunna waƙar abokina, ba tallata shi nake son yi ba, ko da yake daga baya haka na yi ta gaya wa kaina. So nake a ce ni ke da abin da babu a wayar kowa. Na sayi ƴar daraja ta minti biyar da guminsa na shekara biyu.

Dalili na huɗu ya fi waya tsufa. A ƙasar Hausa mai sauraro bai saba biyan waƙa ba. Makaɗin fada, sarki ke ba shi riga da doki da hatsi. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, attajirai da sarakuna ne suka riƙa yi masa kyautar kuɗi da motoci, talaka kuwa ya ji a dandali ko a rediyo, in ya ji daɗi ya yi liƙi daidai ƙarfinsa. Yaɗuwar waƙa ita ce ribar kowa: wanda aka wasa sunansa ya kai nesa, mawaƙi kuma a ƙara nemansa. Tunanin cewa kowane kwafi yana da farashi daga wani wuri ya zo. A Ingila aka yi dokar farko ta irin wannan a 1710, saboda littattafan da ake bugawa, sannan ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Bern a 1886. Mu mun karɓi na'urar kwafi alhali muna riƙe da ɗabi'ar dandali.

Lokacin da kwafi ya zama jarunta

A nan arewa akwai wani dalilin da ya shafe mu fiye da kowa. Ku tambayi yayyenku da kawunnanku labarin kaset a shekarun tawaye, daga 1990 zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995. Kiɗan gitar da ake kira na ishumar, kalmar da ta fito daga lafazin Faransanci na marar aikin yi, ba a sa shi a rediyon gwamnati a lokacin, riƙe shi ma yana iya jawo wa mutum fitina. Waƙoƙin Abdallah ag Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal da na Tinariwen, daga rakoda zuwa rakoda suka yi tafiya, kwafi a kan kwafi har murya ta dushe. Babu kamfani, babu kanti. Wanda ya kwafa ya ba wani, kasada ya yi. Shi kansa Abdallah, wanda daga baya ya buɗe makarantar koyon kiɗa a nan Arlit, ya rasu a 2020, ta wannan hanya duniyarmu ta san shi.

Saboda haka in wani ya zo daga Yamai ko Paris ya ce wa Ba'abzine kwafin kiɗa laifi ne, yana magana ne da mutanen da suka ga lokacin da kwafi shi kaɗai ya hana a binne muryarsu. Katin memwar jikan kaset ne.

Akwai kuma adanawa. Kiɗan tande na ƙauye, waƙar wata tsohuwa a wajen suna, wasan da wani magaɗi ya yi a biki sannan ya rasu, ina aka ajiye su? A wayoyin mutane. Ba don ture-turen nan ba, da yawansu sun tafi tare da masu su.

Labarin Mdou Moctar

Duk wanda ke kare tura waƙa, da wannan labari yake kafa hujja, kuma yana da gaskiyarsa. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ya yi wani ɓangare na yarintarsa a Arlit, kuma gitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a irin studiyon da ake yin waƙoƙin fina-finan Hausa, da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa. Faifan bai fito a kanti ba. Daga waya zuwa waya ya bi, har ya tsallaka Mali.

A Kidal wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yana karɓar waƙoƙi daga katunan wayoyin matasa, yana ba su nasa a madadi. Daga cikinsu ya tsamo wasu ya fitar da faifai mai suna Music from Saharan Cellphones a 2011, ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds da ke Portland. Waƙar Mdou, Tahoultine, tana ciki. Daga nan aka yi fim da shi a Agadas, ya fito a 2015, sannan kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da Afrique Victime a 2021. Yau yana zagaya duniya.

To, ga Bluetooth ya yi wa mutum arziki. Amma ku duba tsakiyar labarin, inda masu ba da shi kan yi tsalle. Kafin faifan ya fito, sai da Kirkley ya sha wahalar neman masu waƙoƙin, domin da yawan fayilolin ba su ɗauke da cikakken suna, ba lambar waya. Sai da ya same su, aka yi magana, aka yanka musu kaso daga cinikin. Abin da ya mai da yaɗuwa ta zama abinci shi ne an gano mai waƙa, an nemi yardarsa, an biya shi. Da ba a same shi ba, da Tahoultine ta ci gaba da yawo, shi kuwa yana nan inda yake. Kuma a bayan Mdou ɗaya akwai magaɗa nawa da waƙarsu ta kai Kidal da Sabha amma ba wanda ya zo nemansu?

Ɓangaren da ba mu son ji

Mu ƴan Arlit mun ƙware a wata magana. Garinmu uraniyom ne ya kafa shi. SOMAÏR ta fara fitar da shi a 1971, COMINAK ta Akokan a 1978 har zuwa rufe ta ranar 31 ga Maris 2021. Babu fadar da ba a taɓa kwana ana muhawara a kan abu ɗaya ba: abin da aka haƙa a ƙasarmu ya haska biranen wasu, mu nawa ya dawo mana? Ko wane ɓangare mutum yake a siyasa, ya san wannan tambaya, kuma ƙashin bayanta shi ne cewa wanda abu ya fito daga wajensa yana da haƙƙi a cikin amfaninsa, ko da mai ɗauka ya ce ai da ban zo ba da yana nan binne ba shi da amfani.

To ga shi mu ma muna faɗa wa mawaƙanmu irin wannan magana: "Ai talla muke yi maka, da ba mu tura ba wa zai san ka?" Na san kwatancen bai cika ba. Uraniyom in an haƙe ya ƙare, rami ake bari, waƙa kuwa ba ta ƙarewa. Matashin da ya tura wa abokinsa waƙa kuma ba kamfani ba ne. Amma akwai abin da ke ƙarewa a wajen mawaƙi, wato kuɗin studiyo, da adashen innarsa, da kwanakin da bai yi kabu-kabu ba. Fayil ba ya raguwa, mutumin da ya yi shi yana raguwa. In ya yi faifai na farko bai ga komai ba, ba lalle ya yi na biyu ba. Turken da ya zama wayam yana nan, sai dai ba ma ganinsa, domin waƙar da ba a yi ba ba ta da sauti.

Kano ta ga haka. Can baya ƴan kasuwar Ƙofar Wambai suna sayen fim da waƙa suna buga faifai, kuɗi suna komawa ga masu yi, ko da ba duka ba. Da masu tura fina-finai a waya suka cika gari, cinikin faifai ya mutu, masu shirya fim da yawa suka koma YouTube. A Amurka ma an yi wannan rigima: Napster ta fito a 1999, ƙungiyar Metallica ta kai ta kotu a 2000, aka rufe ta a 2001, amma mutane ba su daina kwafi ba sai da aka samo musu hanyar biya mai sauƙi da araha. Tsoron kotu bai gyara kowa ba.

Mu ma muna da doka. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI da yarjejeniyar Bangi ta 1977, akwai dokar haƙƙin mawallafa ta Disamba 2010, akwai hukumar BNDA a Yamai mai karɓar haƙƙin mawaƙa. Ta fuskar addini ma, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa. Sai dai daga Yamai zuwa Arlit kilomita ne fiye da dubu, kuma babu jami'in da zai zauna a kowace fada yana leƙa Xender. In akwai abin da zai tsare haƙƙin magaɗin unguwarmu, to mu ne.

Inda na tsaya

Bayan duk wannan juye-juye, ban iya cewa duk tura waƙa sata ce ba. In na faɗi haka na yi wa yayyenmu masu kaset ƙarya, na yi wa ɗan ci-rani da ke jin kiɗan gida a Libiya ƙarya. Ban kuma iya cewa babu komai a ciki ba, domin na ga fuskar abokina. Abin da na gane shi ne, a ƙarƙashin kalma ɗaya, "turo", ayyuka daban-daban ne suka ɓuya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai amana. Waƙar da mai ita bai sake ta ba tukuna, sirrinsa ce, kamar wasiƙar da bai aika ba. Wataƙila yana son gyara wani baiti, wataƙila yana jiran Salla, wataƙila yana magana da wani mai studiyo. Shi ke da ikon cewa yanzu. Laifina na farko ke nan, kuma ba ya buƙatar dokar 2010 kafin ya zama laifi. Kakata da ba ta taɓa riƙe waya ba ta san sunansa: cin amana.

Akwai suna. Wannan ko sisi ba ya ci, amma shi muka fi wasa da shi. Waƙa ta bi WhatsApp sau uku, sunanta ya koma AUD da jerin lambobi. Mai rumfa ya ga ba suna, ya liƙa na wanda ya fi ciniki. Tsohon tsarin dandali da na yaba a sama, ai da suna yake aiki: an ji waƙa, an san mai ita, an kira shi biki, an yi masa liƙi. In aka cire suna, an karɓi kyautar dandali an hana mawaƙi ladan dandali. Shata da kansa yakan ambaci sunansa cikin waƙa, mawaƙan Kano na yau ma haka suke yi tun a farkon kiɗa. Da ina ɗauka son kai ne. Yanzu na gane hatimi ne da ba a iya gogewa.

Akwai kuma ciniki. Wanda ya tura wa abokinsa kyauta daban, wanda ya kafa rumfa yana karɓar dala ashirin daban. Ba na zagin masu rumfa. Yawancinsu matasa ne irinmu da suka rasa aiki, sun sayi tsohuwar kwamfuta, suna biyan kuɗin wuta da haya, kuma suna yi wa mutane hidima ta gaske. Amma da zarar kuɗi sun shiga, hujjar zumunci ta faɗi. In waƙa ta isa a saya, ta isa a ba mai ita wani abu. Ba zai yiwu mai rumfar Arlit ya nemo mawaƙin Indiya ya biya shi ba, na yarda. Magaɗin da ke wucewa ta gaban rumfarsa kullum a kan babur fa?

Wani zai ce: to kai da ka cika wayarka da Tinariwen, waɗanda suka ci kyautar Grammy a 2012, ka biya su? Ban biya ba. Kuma ba zan ɓoye cewa a nan hujjata tana rawa ba. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, nauyin haƙƙi yana ƙaruwa gwargwadon yadda rashin biyan ke cutar da mai shi, da gwargwadon yadda hanyar biya take a buɗe. Wanda ke cika manyan zaurukan Turai ba jikata guda yake jira ba, kuma ba ni da hanyar kai masa. Abokina kuwa jika guda man babur ɗinsa ce ta yini, kuma lambarsa tana cikin wayata. Mai yiwuwa wannan lissafin mai neman sauƙi ne. In wani cikinku yana da wanda ya fi shi, ya rubuto a fitowa ta gaba, zan karanta.

Abin da za mu iya

Ba sai mun jira hukuma ba. Kafin ka tura waƙar ɗan gida, ka tambayi kanka ko mai ita ya sake ta. In ka tura, ka gyara sunan fayil, ka sa sunan mawaƙi da garinsa, aikin daƙiƙa goma ne. In waƙar wani ta raka ka wata guda kana jin daɗinta, ka aika masa ɗari biyar ko jika ta Nita ko Amana, ka ɗauka liƙi ne ka yi daga nesa. Liƙi ai namu ne, ba wanda ya koya mana. In ana shirin biki a gidanku, ka ambaci sunansa. Masu rumfa kuma, me zai hana su yi magana da magaɗan gari: ka kawo mini sabuwar waƙa ni na fara samu, ni kuma in ba ka wani abu a kan kowane kati? Su ma mawaƙa su taimaki kansu, su faɗi sunansu cikin kiɗa, su sa lambarsu a jikin fayil.

Ni dai ga abin da na yi. Na koma wajen mai rumfar nan, na ce masa: "Yayana, waƙoƙin nan shida na san mai su, ɗan unguwarmu ne." Na zaci zai yi gardama, sai ya ce shi ma haka aka kawo masa su, ya juyo da kwamfutar ya ce in rubuta sunan da kaina. Na rubuta. Kwafin da suka riga suka tafi kuwa sun tafi, suna can suna yawo da sunan wani.

Da zan koma Yamai na je sallama wajen abokina, na ba shi abin da ya rage mini na guzuri, ya ƙi karɓa. Ya ce in riƙe, in ya tashi komawa studiyo zai neme ni. An kira shi biki biyu a Akokan tun daga lokacin, wai wani ne ya gane muryarsa. Na tambaye shi ta waya ko hakan ya wanke ni. Ya ce: "Allah ne ya kawo bikin, kai amana ka ci. Amma na yafe." Ya kuma ce ya yi sababbin waƙoƙi uku. Na ce ya turo mini in duba masa Hausar. Ya yi dariya, ya ce in na zo hutu zai kaɗa mini su da gita a ƙofar gidansu, in saurara da kunnena.